Mai Darma da Injin Ruwan Tsohona

"Mama, na rantse miki ban taɓa shi ba."

"Ba ki taɓa shi ba? To aljani ne ya sauko ya wanke shi a bakin famfo? Ke da ko cokali kika gani a ajiye sai kin cuɗa shi sau biyu."

"Goge shi kawai nake yi da tsumma."

"Tsumma mai ɗigar ruwa dai."

Wata Litinin ce da hantsi, a kicin ɗinmu, ni da matar ɗana, wadda shekararta goma sha ɗaya a gidan nan amma har yau Amarya muke ce mata. Tsohona, wato mijina, yana zaune bakin tebur, ga kofin ruwa a gabansa tun safe, yana tura shi gefe da ɗan yatsa kamar an ajiye masa sammaci. A kan kanta kuma ga abin da ake rigimar a kansa: injin ruwan gas, kwanansa uku a mace.

Bari in warware muku. Tsohon nan nawa shekara arba'in ya yi yana tuƙa bas, kuma a duk shekarun nan ruwa bai taɓa zama abokinsa ba, sai lemon kwalba mai sanyi. Da ciwon suga ya kama shi likita ya soke lemo, ya ce ƙodarsa tana son ruwa lita biyu kullum. Shi kuwa ya ce ruwan da ba ya cizon harshe na wanki ne, ba na sha ba. Da 'yarmu ta fari ta gaji da jin ƙorafina a waya sai ta aiko da injin nan. Dogo ne siriri, da 'yar tukunyar gas a bayansa, da maɓallai uku masu wuta a kansa. Ka ɗaura kwalbar ruwa ka danna, sai ya yi fisss sau uku kamar mai mura, ruwa ya kama tsalle. Muka sa masa suna Mai Atishawa. Tun daga ranar tsoho yake shan ruwa ba a roƙe shi ba.

To Mai Atishawa ya daina atishawa, tsoho ya daina sha. Mun sayo masa ruwan gas na kanti, ya kurɓa ya ture, wai gishiri-gishiri yake. Ga shi ranar Alhamis likita zai sake masa gwaji, kuma ya riga ya faɗa mana a fili: in ya ga ƙodar nan a bushe, gado zai ba shi a ɗaura masa ruwa. Wancan karon da aka kwantar da shi, mako biyu ya yi ya juya wa bango fuska, ba ci ba magana, muka dawo da rabin mutum gida. Ban shirya sake ganin wannan ba. Shi ya sa bakina ya yi zafi a kan Amarya.

Amma ba faɗanmu na zo ba ku ba. Na zo ne in yi jinjina ga mutumin da ya shiga tsakani, wanda ƙarshen watan nan zai rufe shagonsa bayan shekara arba'in da ɗaya, saboda ido ya fara yi masa gardama. Sunansa na yanka yana nan, amma kaf layinmu Mai Darma muka sani, mai gyaran kayan wuta.

Shagon nasa yana ƙasan benen da ke kallon namu, tsakanin tela da mai aski, kuma tagar kicin ɗina a kansa take, don haka in ana neman shaida ni ce. Bakwai da rabi yake buɗewa. Zai share ƙofa, har da ta maƙwabta. Zai shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ya ajiye kiret ɗin ƙwai wanda babu ƙwai a ciki, don a nan yake jera sukurori, kowane da raminsa, bisa yadda ya kwance su. Sai ya jona ƙarfen liƙi, ya jira ya yi zafi, ya dangwala shi a jiƙaƙƙen soso ya ji ya ce cuu. Sannan ya saka tabaransa mai kauri, wanda ke mayar da idanunsa kamar na mujiya, ya ce wa na farko a layi, "Me ya same shi, kuma wa ke amfani da shi?"

Ba ya buɗe abu sai ya shinshina shi. Ba ya kwance sukuru ko ɗaya sai mai abin ya nuna masa da hannunsa yadda yake kunnawa da kashewa. In ya gama kuma, ɗan abin da ya ƙone ya cire sai ya saka shi a kwalin ashana ya miƙa wa mai shi. Ka je ka tambayi gidajen layin nan, da wuya ka rasa kwalin ashanar Mai Darma a wata durowa.

Tela zai gaya muku yadda motar keken ɗinkinsa ta tsaya ana saura kwana biyu ya miƙa kayan 'yan makaranta ɗari, Mai Darma ya ajiye abincinsa ya naɗe mata waya da hannu har ta tashi. Malamar asibitin da ke hawa na uku za ta gaya muku ranar da injin shaƙar mijinta mai asma ya mutu, ta sauko da shi a guje ba takalmi, shi kuma ya kori mutum shida daga layi da haƙuri, ya gyara shi a tsaye. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata muryarsa a cikin tsohuwar waya, wayar ta faɗa bokiti. Kwana tara yana fama da ita. Ranar da muryar ta fito, tashi ya yi ya fita waje ya tsaya yana kallon titi, ya bar mata shagon ita kaɗai.

Duk wannan na yaba. Amma ina da ƙullin da na daɗe ina riƙe da shi, kuma yau zan faɗa. Mutumin nan babu sirrin gidan da bai bi ta teburinsa ba. Ya san talabijin ɗin da faɗuwa ya yi da wanda jifa aka yi da shi. Ya san wayar da ta fashe da kanta da wadda aka fasa. Ni kuwa, ba na ɓoyewa, labari abincina ne. Shekara talatin ina kai masa tocila lafiyayya wai ta lalace, don kawai in samu wurin zama a bencinsa. In na ce, "Wannan rediyon ba na gidan mai aski ba ne? Ya na ga kamar da taɓarya aka daka shi?" sai ya ce, "Yaya, tocilarki batir take so." Ko ƙwayar labari ban taɓa samu ba. Na sha cewa darmar nan da bakinsa ya fara gwada ta.

To ranar Litinin ɗin, da na gama da Amarya, na naɗe Mai Atishawa a tawul kamar jariri. Na fara kai shi babban kantin kayan wuta na bakin titi. Wani mai ɗaure da taye ya juya shi sau ɗaya ya ce irin wannan ba a gyarawa, sabo ake saya, kuma sabon sai an yi oda, mako uku. Na ce masa mako uku da wa za a yi, na kwaso abina.

Mai Darma ya karɓa ya ɗora a kan farin tawul. Ya kalle shi ta gaba, ya kalle shi ta baya.

"Ban taɓa ganin irinsa ba," ya ce.

Na miƙa hannu zan naɗe abina.

"Amma wuta dai wuta ce. Inda ta shiga da inda ta tsaya za mu nema."

Ya kwance tukunyar gas ɗin ya ajiye ta nesa, sannan ya kai hancinsa wajen maɓallan. Ya shinshina, ya ɗago, ya sake shinshinawa. Ya shafa gefen maɓalli da yatsa, ya murza yatsan da babban ɗan'uwansa.

"Ku nawa ke taɓa shi?"

"Ni da Malam. Sai wadda ta kashe shi."

"Mu je in ga kowa."

Ya rufe shago da rana tsaka, ya ɗauko jakarsa da kiret ɗinsa, ya bi ni hawa biyu yana haki. A kicin ya tsayar da mataccen injin a mazauninsa, ya ce kowa ya yi yadda ya saba, kamar yana aiki. Na yi nawa. Amarya ta yi nata, ta kuma nuna yadda take gogewa. Aka zo kan tsoho.

"Wasan yara za ka sa ni da girmana?"

"Babban direba, ai ko mota sai an ga tuƙin mai ita."

Tsoho ya miƙe yana gunaguni. Ya cika kwalba a famfo. Kafin ya ɗaura ta, sai hannunsa na dama ya tafi sama, wajen saman kabad, ya tsaya a iska, ya dawo ya sosa ƙeya. Na gani da idona. Na ɗauka ƙaiƙayi ne. Ni da nake sanin abin da aka ƙona a hawa na huɗu tun kafin hayaƙi ya sauko, aka yi abu a gabana a kicin ɗina ban gane ba.

Mai Darma ya buɗe jakarsa. Ya shimfiɗa tawul a teburinmu, ya ce, "Yaya, a taimaka min da sifirit daga kemis, da sabon buroshin haƙori mai laushi. Amarya ta raka ki, matattakalar nan ba ta da kirki."

Na san kora in na ji ta. Na tura Amarya gaba, na ja ƙofar kicin, na lafe a bayan ƙofar na kasa kunne.

"Yaya," na ji muryarsa a hankali, "ina ganin silifas ɗinki ta ƙarƙashin ƙofa."

Haka na tafi kemis ina cizon yatsa.

Da muka dawo, injin yana kwance a buɗe, sukurori takwas a ramukansu. Tagar kicin a buɗe, da ɗan warin darma, alhali ban ga abin da aka liƙe ba tukuna. Tsohona, wanda ko gilashinsa ba ya ɗauko wa kansa, yana tsaye riƙe da tocila yana haska wa Mai Darma, shiru kamar ɗalibin da aka kama da amsa a tafin hannu.

Nan na ga cikin Mai Atishawa. Ashe duk wannan iko wani ɗan koren allo ne da bai fi tafin hannuna ba, da siraran hanyoyi a jikinsa kamar titunan gari in ka hango daga saman bene. Mai Darma ya tsoma buroshi a sifirit ya dinga wanke shi a hankali, lungu-lungu, ruwan yana sauka ja-ja a kan tsumma. Ya bar shi ya bushe. Ya ɗauko mitarsa mai wayoyi biyu, ja da baƙa, yana dangwala nan da can. Inda hanya take lafiya mitar ta ce tiii, inda ta yanke ta yi gum. Ya samu wuri biyu da suka cinye, ya ɗinke su da waya siririya kamar gashi. Sannan ya nuna min wani baƙin abu mai ƙafa uku, bai kai ƙwayar wake ba.

"Wannan ne ɗan aike. In kin danna maɓalli, shi ke gaya wa bawul ya buɗe gas. Ya ƙone."

"Ana samu?"

"A kanti, ban sani ba. A shagona, sai na tona."

Ya tona kuwa. Daga tagata na gan shi yammacin nan ya fito da kwalaye huɗu na matattun kaya yana bincike, har ya samo irinsa a cikin wata tsohuwar firinta da aka yar masa shekara shida da suka wuce. Talata da safe ya dawo. Hannun da ke ɗan rawa in ya riƙe kofin shayi, da ya kama ƙarfen liƙi sai ya tsaya cak. Ɗigo uku na darma, kowane yana ƙyalli. Ya mayar da sukurori daga na takwas zuwa na ɗaya, ya ɗaura tukunyar gas, ya jona fulogi. Fitilu uku suka kawo.

"Babban direba, bismilla. Ruwa zalla."

Tsoho ya danna. Fisss. Fisss. Fisss.

Amarya ta yi tafi, ni na rangaɗa guɗa har tela ya leƙo daga ƙasa. Tsoho ya kafa kai ya shanye rabin kwalba, ya ɗan yamutsa fuska, ya kalli Mai Darma, ya ƙarasa sauran. Sai ya saki wata gyatsa da na tabbata an ji ta a shagon mai aski. Ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba.

Na tare Mai Darma a bakin ƙofa. "To yanzu gaya min. Tsumman nan ne ko?"

"Amarya ba ta da laifi ko kaɗan. Wannan kam ki riƙe."

"To wa ke da shi?"

"Gyara na zo yi, Yaya."

Ranar Alhamis likita ya duba takarda, ya duba tsoho, ya ce ƙoda ta sha ruwa, ku tafi gida. Muka fito tsoho yana tafiya gabana kamar shi ya gina asibitin. Bayan wata ɗaya kuma sugan da ya daɗe yana hawa ba a san dalili ba ya fara sauka da kansa, likita har yana yaba wa maganinsa.

Da a ce ni mutuniyar kirki ce da a nan labarin ya ƙare. Amma ranar wanki na laluba aljihun rigar tsoho na ji kwalin ashana. Na buɗe. Ga ɗan aike mai ƙafa uku, baƙi ƙirin, ga kuma kiyashi matattu sun fi ashirin, a manne cikin wani abu mai danƙo kamar zuma. Na tsaya. Kiyashi ba sa bin tsumma. Sai hannun nan da ya tafi sama ya dawo sosa ƙeya ya faɗo min a rai. Na jawo kujera na hau, da shekaruna saba'in da biyu, na leƙa saman kabad. Ga tsohon gwangwanin da yake tara notuna tun zamanin tuƙi. Na girgiza, ƙarar ba ta ƙarfe ba ce. Na ja murfi, ya ƙi. Na kai shi haske, sai na ga an bi bakin murfin kaf da darma, zagaye guda, sumul kamar daga kamfani.

Da abin buɗe gwangwani na fasa shi ta gindi. Sukari mai ƙwaya, ya kusa rabi.

Ashe bawan Allahn nan ƙwaya huɗu yake jefawa a kwalba in ba kowa, ya girgiza, sannan ya danna. Ruwa mai sukari kuwa in gas ya shige shi kumfa yake yi ya yi ambaliya, ya haura cikin kan injin. Shi sai ya goge waje ya yi tafiyarsa. Na ciki ya sauka a kan allo ya daskare, kiyashi suka samu gidan biki, wuta ta bi ta kansu. Mai Darma tun a shinshinar farko ya ji. Ya kore mu, ya yi magana da tsoho su biyu, ya liƙe gwangwanin a gaban idonsa. Abin da ya gaya masa har yau ban sani ba, kuma wannan rashin sanin yana cina fiye da ciwon gwiwa.

Na sami Amarya tana yankan albasa, na ajiye mata gwangwanin.

"'Yata, ki yafe min. Bakina ya riga hankalina."

Ta leƙa ciki, ta rufe baki da bayan hannu. "Mama, ai na daɗe ina ganin sukari yana raguwa. Wallahi na ɗauka ke ce, na yi shiru don kada ki ji kunya."

Muka yi dariya har albasar ta samu abokan hawaye.

Na tsallaka da gwangwanin na dire shi a kan farin tawul. Mai Darma ya gyara tabarau, ya juya shi, ya bi bakin murfin da farce.

"Liƙi mai kyau," ya ce. "Wa ya yi?"

Kai ne ka yi, Mai Darma. Kai ne ka ga tsoho ya yi abin kunya a gidansa, ka gyara shi ba ka zubar masa da girma a gaban matarsa da surukarsa ba. Kai ne ka wanke yarinyar da na ɗora wa laifi da magana ɗaya, ba ka ƙara ta biyu ba. Da allon kawai ka wanke ka tafi, da yanzu kiyashi sun dawo, sugan yana hawa, mu kuma muna ta zargin juna. Kai ba ka taɓa yarda abu ya lalace shi kaɗai ba, sai ka nemi hannun da ke taɓa shi. Shekara arba'in da ɗaya ana kawo maka abin da aka ce a yar, kana mayar da shi gida yana aiki. Mai hancin da ya fi mita, mai bakin da ya fi asusu, na gode. Ka hana min labari shekara talatin, ka bar min mijina a kan kujerarsa yana gyatsa. Na yafe maka labaran. Allah ya huta da idanun nan, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa a rufa maka asiri yadda ka rufa wa layin nan.

Ku kuma masu gyara da ke tasowa, kafin ku ce wa tsohuwa ta je ta yar da abinta, ku buɗe ku duba. Ku tambayi wa ke taɓa shi. Abin da kuka gani a ciki kuma ku bar shi a ciki. Ku yi koyi da Mai Darma, kada ku yi koyi da ni.

Jiya da la'asar na karanta wa tsohona wannan takarda kafin in ba Amarya ta buga min. Yana ta gyaɗa kai, yana cewa haka ne, mutumin kirki ne, har na iso wajen gwangwani. Sai ya ajiye ƙafarsa ƙasa.

"Wannan wa zai karanta?"

"Kowa da kowa."

"Mutumin ya rufa min asiri, ke kuma ki hau kujera ki tono, ki kai wa duniya?"

"Malam, in ban faɗi abin da ya rufe ba, ta yaya za a san ya iya rufewa?"

"Cire wajen."

"Ko ɗigo."

Ya miƙe ya shige kicin. Na ji famfo, na kasa kunne ko zan ji motsin kabad, ban ji ba. Fisss, fisss, fisss. Ya fito da kwalbarsa a hammata, ruwa zalla yana tsalle a ciki, ya zura takalmi ko kallona bai yi ba.

"Ina zuwa?"

"Wajen wanda ya iya riƙe bakinsa."

Ya fita ya bugo ƙofar, har cokulan Amarya suka amsa daga kicin.